Gajiyar Na-Hutu

A Kaikai, in ka gamu da mutum da safe, bayan ina kwana sai ina gajiya. Shi kuma ya ce ba gajiya, ko da yanzu ya sauke dami daga kansa. Kowa ana yi masa wannan tambaya, har tsohuwar da ba ta wuce ƙofar ɗakinta. Mutum ɗaya na sani da ba a yi wa, shi ne Kawu Sadisu, yayan mahaifiyata. Shi tasa gaisuwar daban ce.

"Na-Hutu, sannu da hutawa."

Ya ce, "Yauwa," ya yi murmushi ya wuce.

Ina jaririya sunan ya samo asali, don haka a bakin mahaifiyata na ji labarin. Shekara ashirin da uku ke nan da Kawu ya bi motar shanu daga Kankia zuwa Ikko. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya wani ya kai shi wani wuri can bayan gari, a bakin teku. Da ya zo gida sallar farko aka taru a zaure, yayansa, Kawu Yakubu, ya tambaye shi wane irin wuri ne yake aiki. Sunan wurin na Turanci ne, Kawu Sadisu ya yi ta neman yadda zai faɗe shi da Hausa.

"Wani ƙauye ne bakin teku," in ji shi. "Don hutu aka gina shi."

"Don mi?"

"Don hutu. Mutane su zo su huta."

Labaran, taubashinsa, yana zaune bakin ƙofa. Ya ce, "To kai kuma taya su kake?"

Zauren ya ɗauki dariya. Kawu ma ya yi. Daga ranar ya zama Na-Hutu, kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Bana, bayan babbar salla, ya zo gida ya ce wata ɗaya zai yi. Wata ya wuce, damina ta wuce, aka shiga kaka yana nan. Ni kuma na gama jami'a ina jiran a kira mu bautar ƙasa, zaman Kankia ya ishe ni, sai mahaifiyata ta ce in je Kaikai in taya Inna Murja, matarsa, aikin gyaɗa. A nan na fara kallonsa da kyau. Dogo ne, siriri, fatarsa ta yi baƙi ƙirin fiye da ta kowa a gidan. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗan tsaya a durƙushe kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Kuma in yana tafiya da mutum ba ya tafiya a miƙe, sai ya karkace yana fuskantarsa, wani lokaci ma da baya da baya. Labaran ya ce tafiyar ƙaguwa ya koyo a teku.

Wata ranar Talata da hantsi ya kira ni zaure ya miƙo mini wayarsa. Yana jin Turanci da Yarbanci, har da yaren masuntan can, amma ba ya karatun boko. Kawu Yakubu yana gefe yana gyaran bakin lauje. Ban yi tunani ba, na karanta saƙon a fili, ina juya shi da Hausa. Daga manajar wurin ne, wadda suke kira Madam. Ta ce lokacin baƙi ya matso, idan bai iso kafin ƙarshen Nuwamba ba za ta ba wani ɗakinsa da aikinsa.

Kawu Yakubu bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To ai sai ka shirya."

"Yaya, da na ce ko bana in tsaya."

"Ka tsaya ka yi mi?"

"Gonar gindin tsamiya. Da na ce ko in gwada ta baɗi."

Sai a nan Kawu Yakubu ya ajiye laujen. Shi ne babban gidan, kuma tun rasuwar kakanmu gonakin duka a hannunsa suke. Ba mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa kwana uku a jere a wajen Kaikai ba, kuma in ka ga tafin hannunsa ka san dalili.

"Sadisu, kai da ka saba da inuwa da iskar ruwa? Noma ba wasa ba ne. Mu nan muna cin rana, kai kana can Allah ya hutar da kai, kana aiko mana da na taki. Kowa da inda Allah ya aje shi. Wa ke barin hutu ya zo ya kama fartanya da furfura?"

Kawu Sadisu ya yi murmushin nan nasa. Ya ce, "Haka ne, Yaya."

Da rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da shi da Inna Murja. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa mutane kan manta ina wuri su yi ta zancensu. Amma ranar na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ake gani a can. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa. Da ya fara magana sai muryarsa ta canza, ta yi sama, ta yi santsi, kamar ta mai tallan magani a tasha.

"Ƙarfe shida na safe, masunta. Taru gare su, Kamila, tsawonsa ya kai daga nan zuwa masallaci. Tun asuba kwale-kwale ya kai shi cikin ruwa, sai maza talatin su kama igiya suna ja suna waƙa, awa uku. Baƙo ya zo ya kama igiyar, a ɗauke shi hoto, ya saki. Ya ce kai, aikin nan da daɗi. Daga nan kurmin kwakwa. Akwai mai hawa, ba tsani ba komai, ya yanko, a sare musu baki su sha ruwan. Daga nan matan da ke bandar kifi, baƙi su toshe hanci su ɗauki hoto. Bayan ƙauyen akwai wani ruwa kwantacce, ba shi da haushi irin na teku, a nan ake shiga kwale-kwale a je tsibiri a ga tsuntsaye da birai. In lokacin kunkuru ne, sai in kai su inda ta binne ƙwai, mun kewaye da itace. Ranar da suka ƙyanƙyashe za ki ga ƙanana kamar murfin kwalba suna gudu zuwa ruwa, manyan mutane masu motoci suna kuka saboda su. Akwai doki ga mai son hawa. Akwai masu cewa a binne su da rairayi har wuya."

"Da ransu?" in ji Inna Murja, ko da yake ta sha jin labarin.

"Da ransu, suna dariya. Da yamma kuma faɗuwar rana."

"Rana kuma?" na ce.

"Ita dai wadda kika sani. Su jera kujeru su zauna su kalle ta har ta nutse. Wasu har da tafi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Muryar tallan ta sauka, tasa ta dawo.

"Tsakanin masunta da tsibirin nan tafiya ce, ɗiyata. Kuma duk cikin rairayi. Rairayin teku ba ya riƙe ƙafa, kina takawa yana zamewa, taku ɗaya kamar uku ne. Kula cike da ƙanƙara da lemo a kaina, kujeru uku masu naɗewa a kafaɗa, lema a hannu. Kuma dokar wurin ce ba a juya wa baƙo ƙeya. Kina gaba kina nuna hanya, amma fuskarki na gare shi, kina magana, kina murmushi. In na dawo da waɗannan, wasu na jira. Sau uku a yini. Ranar Lahadi huɗu."

"Shekara nawa?"

"Shida na farko gadi na yi. Sauran duka wannan."

Na lissafa a raina, sha bakwai. Na tambaye shi ko yana wanka a tekun. Ya girgiza kai. Sau ɗaya ya taɓa shiga, ya ce, kuma ba da son ransa ba. Wani baƙo ya wuce jan ƙyallen da aka kafa, Kawu ya busa masa usur har ya gaji, ruwa ya ja mutumin. Kawu bai iya iyo ba, amma ya shiga har ƙirji ya cafko rigarsa, masunta suka jawo su duka biyun. Da mutumin ya gama amai ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ina tabarau ɗinsa.

"Kujerun fa, Kawu? Kana zama a kai?"

"Na baƙi ne."

Inna Murja ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya. Ta jawo ƙafarsa ta ɗora a cinyarta. Ban taɓa ganin ƙafar babu takalmi ba. Gishiri ya cinye dugadugan, sun tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, farcen babban yatsa babu. Gwiwar dama ta kumbura ta fi ta hagu girma nesa ba kusa ba.

"Ka faɗa ma Yaya mana," in ji ta.

"In ce mashi mi? Na gaji da hutu?"

"Ka ce ka gaji."

"Ba wanda ya tambaye ni, Murja."

Kwana biyu ina juya maganar. Ba zan iya tsayawa gaban Kawu Yakubu in yi masa bayani ba, ko gaishe shi nake muryata ba ta fita sosai. Sai na yi tunanin abin da na iya. Na nemo shafin wurin a wayata, na yi ta duba hotuna har na sami ɗaya da Kawu Sadisu ya fito a gefe. Baƙi huɗu ne a tsakiya suna ɗaga kwakwa sama. Shi kuma yana can ƙarshen hoton, rabin jikinsa ma an yanke, kula a kai, kujeru a kafaɗa, ƙafafunsa sun nutse har idon sawu. Na ce wannan ya isa. Da na kai wa Kawu Yakubu fura a zaure, sai na ajiye masa wayar kusa da kwanon, na koma gefe na durƙusa.

Ya ɗauka, ya nesanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Labaran ma ya leƙo.

"Tabarkalla," in ji Kawu Yakubu. "Duk wanga ruwa ne?"

"Kawu, ka duba gefe," na ce.

"Na gan shi. Ga shi nan yana dariya. Dubi itatuwa, Labaran. Dubi inuwa."

"Yo aljannar duniya ke nan," in ji Labaran. "Ni kau a ba ni wurin nan, ko gawata ba ta dawowa Kaikai."

Kawu Yakubu ya miƙo mini wayar. "Allah shi yi maki albarka, Kamila. Da ina ɗan jin nauyin tura shi. Yanzu hankalina ya kwanta."

Na ɗauki kwanon na fita. Ban gaya wa Inna Murja abin da na yi ba sai bayan wata guda.

Aka sa ranar tafiya, Asabar ta ƙarshe a Nuwamba. Ni ma ranar zan koma gida, don haka aka ce mu tafi tare zuwa Kankia, inda zai hau mota a bakin titi. Bayan an karya kumallo muka fito da babur biyu. Ni ina bayan Kawu Yakubu, Kawu Sadisu yana bayan Labaran, da jakarsa da buhun gyaɗar da Inna Murja ta ba mahaifiyata, da wani ƙullin wake. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu.

"Na-Hutu, an koma ke nan? A huta lafiya!"

Yana ɗaga musu hannu.

Labaran ya ce mu bi ta yanke, ta fi kusa. A hanyar akwai wani rafi da ke ƙafewa da kaka, ya bar fili mai faɗi na yashi zalla. Da muka iso tayoyin suka fara nutsewa, dole kowa ya sauka. Labaran ya kama tura nasa. Kawu Yakubu ya kama nasa, buhun gyaɗar da aka mayar kan babur ɗinsa yana ta zamewa.

Ban ga lokacin da Kawu Sadisu ya yanke shawara ba, ina jin ma bai yanke ba. Gani kawai na yi ya sunkuci buhun ya aza a kai, ya rataya jakarsa, ya ɗauki ƙullin waken, ya karɓi jakata daga hannuna. Ya shiga gaba. Sai ya juyo yana fuskantarmu, ya fara tafiya da baya, murmushin nan ya hau fuskarsa.

"A hankali, ranka shi daɗe. Taka inda na taka. Bi ta nan, ya fi tauri. Saura kaɗan, saura kaɗan."

Muryar tallan ce. Da yayansa yake yi.

Labaran ya fara dariya, sai ya bari, don numfashinsa bai isa ba. Kawu Yakubu yana tura babur, yashi yana cika masa takalmi, yana taku ɗaya yana zamewa rabi. Mutumin da ke yini a gona tun asuba, kafin mu kai tsakiyar rafin gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya, ya jingina da babur yana haki.

"Kai, wanga yashi akwai mugunta."

"Wannan ai mai sauƙi ne, ranka shi daɗe, na can ya fi laushi," in ji Kawu Sadisu, yana ci gaba da ja da baya. "Saura kaɗ—"

Gwiwar ta lanƙwashe. Bai faɗi da ƙarfi ba. Ya tafi ƙasa a hankali, ya zauna daɓas cikin yashin, hannunsa ɗaya yana riƙe da buhun a kai kada ya faɗi. Takalminsa ɗaya ya fita. Kuma har lokacin murmushin yana nan, kamar ya manta yadda ake sauke shi.

Na ruga na karɓi jakunkunan. Kawu Yakubu ya kafe babur ya zo ya sauke masa buhun da kansa. Ya tsaya a kansa. Na ga idonsa ya sauka kan ƙafar da takalmin ya fita, ya tsaya a nan.

"Wa kake ce ma ranka shi daɗe?"

"Suɓul da baka ne, Yaya."

"Haka kake tahiya can? Da baya?"

"Ba a juya ma baƙo ƙeya."

"Da kaya?"

"Sun ɗan fi wannan."

Kawu Yakubu ya waiwaya ya dubi inda muka baro, ya dubi abin da ya rage. Duka faɗin rafin bai kai filin ƙwallo biyu ba.

"Naku yashin ya kai nawa?"

Kawu Sadisu ya yi tunani. "Zuwa da dawowa, kamar daga gida zuwa garin Kusada. Ko ya ɗan gaza."

"A yini?"

"A zagaye ɗaya. Uku ake yi."

Wani makiyayi ya ratsa can nesa da shanunsa, ya ɗago mana sanda, ba wanda ya amsa sai ni. Kawu Yakubu ya tattare rigarsa ya tsuguna, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban ƙaninsa ba. Ya ɗauki takalmin ya kakkaɓe yashin ciki, ya ajiye masa kusa da ƙafa. Ya daɗe yana share gumi da hularsa. Na ɗauka faɗa zai yi, ko ya ce me ya sa ba a gaya masa ba. Da ya buɗe baki, gaisuwa ce ta fito, irin wadda ake yi wa kowa.

"Sadisu. Ina gajiya?"

Na ga leɓen Kawu ya haɗu zai ce ba gajiya. Amsar tana nan a bakin kowa, ba a tunaninta. Ya tsaya. Murmushin ya sauka, sai na ga fuskarsa ta gaskiya, ta wani dattijo da ban sani ba.

"Akwai ta, Yaya," ya ce. "Wallahi akwai ta."

"Kai, ba haka ake amsawa ba," in ji Labaran, amma a hankali ya faɗa, kuma bai yi dariya ba.

Kawu Yakubu ya miƙe. Ya ce wa Labaran ya wuce da ni da buhun gyaɗa zuwa Kankia. Shi kuma ya juya kan babur ɗinsa ya fuskanci Kaikai.

"Gonar tsamiya ta yi ciyawa," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Kuma ba ta ba da kirki. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Na ji, Yaya."

"Kamila, ki rubuta ma matar nan. Ki ce ta ba wani."

A tsaye cikin yashin na rubuta. Na tambayi Kawu Sadisu ko akwai abin da zan ƙara. Ya ce in ce usur ɗin yana rataye bayan ƙofar ɗakinsa, kuma duk wanda za a ba aikin a gaya masa ya sa takalmi tun ranar farko, ko da Madam ta ce baƙi sun fi son ganin ƙafa a rairayi.

Bayan wata ɗaya na koma Kaikai kai wa Inna Murja saƙo. Ba abin da ya canza sosai. Har yanzu Na-Hutu ake ce masa, yara ma ba su san yana da wani suna ba. Kumburin gwiwar bai saɓe ba. An kai shi asibiti an ce ya rage tafiya, ya yi dariya. Na same shi a zaure shi kaɗai, zaune kan tabarma, ya miƙe ƙafafu, ba ya yin komai. Da ya ji sallamata sai ya dafa ƙasa da hannu biyu zai tashi, fuskarsa ta fara haɗa murmushin nan.

"Kawu, ni ce."

Ya dube ni. Ya dubi tabarmar kamar mai tambayar ko ta wani ce. Sannan ya koma ya zauna.

"Zaman ma sai an koya," ya ce.